Shawara: A shago ina lissafi da ka, amma aljabra ta kayar da ni sau biyu

Assalamu alaikum malamai. Ni matashi ne ɗan shekara 20, ina taya yayana tsaron shagon kayan masarufi. Sau biyu ina rubuta WAEC, na samu kiredit a duk darussan da nake buƙata ban da lissafi: na farko E8, na biyu D7. Burina in karanta injiniyanci. A shago ko kalkuleta ba na ɗauka, amma da zarar an sa x a lissafi, musamman idan da firakshan, sai komai ya cakuɗe mini. Yaya ya ce wannan karon ne na ƙarshe da zai biya mini kuɗin jarrabawa, in na sake faɗuwa in rungumi kasuwa. Saura wata huɗu. Ga ayyuka huɗu da na yi aka ce ban ci ba, ni kuma ban ga kuskuren ba:

(5x² + 3x − 2) − (2x² − 4x + 6) = 3x² − x + 4

(x + 3)² = x² + 9

(x + 6)/(x + 2) = 3

2/x + 3/(x + 1) = 5/(2x + 1)

Ko dai kaina ne ba na lissafi ba?

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ka kyauta da ka turo aikin yadda ka yi shi, don da shi muka gane inda gizo ke saƙar.

Kanka lafiya lau. Wanda zai haɗa kuɗin katan uku da rabi na taliya, ya cire ragi, ya ba da canji da ka, ya riga ya san dokokin da aljabra ke tafiya a kansu. Abin da ya same ka shi ne ka ɗauki x kamar wani abu na daban mai nasa dokokin da ake haddacewa. Alhali x lamba ce kawai da ba a faɗi ko nawa ba ce. Duk abin da ba zai yiwu da 7 ko 10 ba, ba zai yiwu da x ba. Wannan ya ba ka hanyar duba aikinka da kanka ba sai ka jira malami ba: ka zaɓi lamba, ka sa ta a gurbin x a cikin tambayar, ka sake sa ta a cikin amsarka. In sakamakon biyu bai zo ɗaya ba, akwai kuskure, ko da kuwa aikin ya yi kyau a ido. Da wannan gwajin za mu bi ayyukanka.

Na farko, ɗebewa. Sa x = 1. Bakan farko ya ba da 5 + 3 − 2 = 6, na biyu 2 − 4 + 6 = 4, don haka amsa dole ta zama 2. Taka ta ba da 3 − 1 + 4 = 6. Abin da ya faru shi ne alamar ɗebewar da ke gaban baka ka ba wa 2x² ita kaɗai, ka bar −4x da +6 yadda suke. Alamar nan ta duk abin da ke cikin bakan ce. Kafin ka haɗa komai, ka buɗe bakan a layi na daban, ka juya alamar kowace gaɓa: 5x² + 3x − 2 − 2x² + 4x − 6. Sai ka haɗa iri da iri, masu x² tare, masu x tare, lambobi zalla tare: 3x² + 7x − 8. Gwada: 3 + 7 − 8 = 2. Ya yi. Layin nan na buɗe baka shi ne ɗalibai ke tsallakewa don sauri, kuma a nan maki ke zubewa.

Tun da mun ambaci iri da iri, ka riƙe wannan. 3x + 2x = 5x, ba 5x² ba, domin tarawa ba ta taɓa fawa, wato ƙaramar lambar da ke saman x. x² + x³ ba sa haɗuwa, haka ake barinsu. Amma x² × x³ = x⁵, saboda x biyu ne aka ninka da x uku, sai aka samu x biyar a jere. (x²)³ kuma x⁶ ne. In ka yi kokwanto, sa 2: 4 × 8 = 32, kuma 2⁵ = 32.

Na biyu, (x + 3)². A nan ka gwada da 10. Kai da kanka ka san 13 × 13 = 169. Amsarka ta ba da 100 + 9 = 109. Ina sittin ta tafi? Ka zana fili mai kusurwa huɗu, tsawonsa x + 3, faɗinsa x + 3, ka ja layi a inda x ya ƙare ta kowane ɓangare. Fili ya kasu huɗu: babba x sau x, ƙarami 3 sau 3, da dogaye biyu kowanne 3 sau x. Dogayen nan biyu ka bari a baya, su ne 6x. Amsa ita ce x² + 6x + 9, kuma da x = 10 za ka ga 100 + 60 + 9 = 169.

Dokar ninkawa guda ɗaya ce: kowace gaɓa a bakan farko sai ta ninka kowace gaɓa a baka na biyu. Ƙirga su tun kafin ka fara. Gaɓa biyu sau gaɓa biyu, guntaye huɗu za ka samu. Biyu sau uku, shida. Ɗauki (2x − 3)(x² + 4x − 5). 2x ta ba da 2x³ + 8x² − 10x. −3, da alamarta, ta ba da −3x² − 12x + 15. Shida cif. A haɗa: 2x³ + 5x² − 22x + 15. Gwaji da x = 2: tambaya ta ba da 1 × 7 = 7, amsa ta ba da 16 + 20 − 44 + 15 = 7. Lura da +15 ɗin ƙarshe, mainos sau mainos ne ya haife shi.

Wani ɗan gargaɗi kan lambar gwaji. Lamba 1 tana da sauƙi, amma tana ɓoye kuskuren fawa, domin x da x² da x³ duk 1 suke bayarwa. Lamba 2 kuma ba ta bambanta 2x da x², duka 4 ne. Sifili ya fi kowacce ɓoye laifi. In kana da lokaci, 3 ko 10 sun fi tona asiri.

Yanzu firakshan, inda matsalarka ta fi yawa, kuma inda za mu fi daɗewa.

A aikinka na uku ka soke x na sama da x na ƙasa, ya rage 6 bisa 2, ka ce 3. Sa x = 2: sama 8, ƙasa 4, amsa 2. Sa x = 10: 16 bisa 12. Babu 3 a cikinsu. Sokewa ba goge abin da ya yi kama ba ne. Sokewa rabawa ce: kana raba sama gaba ɗaya da ƙasa gaba ɗaya da abu guda. 6 bisa 8 ya koma 3 bisa 4 ne domin 6 = 2 × 3, 8 = 2 × 4, aka raba duka da 2. Saboda haka abin da ake sokewa shi ne abin da ke ninka dukkan sama, yake kuma ninka dukkan ƙasa, wato fakta. Abin da aka tara ko aka ɗebe ba fakta ba ne. A (x + 6)/(x + 2), x tarawa aka yi da shi, don haka babu abin sokewa. Amsar ita ce tambayar kanta, a bar ta haka. Mun san hannu na ƙaiƙayi in an ga abu biyu iri ɗaya sama da ƙasa, amma kafin ka ja layi a kan komai ka tambayi kanka: wannan ninki ne ko tari?

Hanyar da ta dace ita ce a fara fasa sama da ƙasa zuwa faktoci, sannan a soke baka sukutum. Ɗauki (x² − 9)/(x² + x − 12). Sama bambancin sukwaya biyu ne, x² − 3², wanda kullum yake fashewa zuwa (x − 3)(x + 3). Ƙasa kuma ana neman lambobi biyu da ninkinsu −12, tarinsu +1, su ne 4 da −3, don haka (x + 4)(x − 3). Yanzu (x − 3) yana ninka dukkan sama da dukkan ƙasa, sai a soke shi. Ya rage (x + 3)/(x + 4). A nan ake tsayawa, kada ka sake soke x. Gwaji da x = 1: tambaya −8 bisa −10, wato 4 bisa 5; amsa 4 bisa 5.

Akwai tarkon da masu tsara tambaya ke so ƙwarai: (a − b)/(b − a). Ba 1 ba ne, kuma ba a rasa yadda za a yi da shi ba. Sa a = 5, b = 3: 2 bisa −2, wato −1. Duk inda ka ga (x − 4) a sama da (4 − x) a ƙasa, ka rubuta 4 − x = −(x − 4), ka soke, mainos ɗin ya rage maka.

Aikinka na huɗu, ka tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Yi haka da rabi da rabi ka gani: 1/2 + 1/2 zai zama 2/4, wato rabi da rabi sun ba da rabi. A shago ba za ka taɓa yarda da wannan ba. Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, ta sama tana faɗin gida nawa aka ɗauka. Ba a tara guntaye sai girmansu ya zama ɗaya.

Wannan aikin malamanmu na rabon gado suke yi kullum. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza da mata. Matar tana da sumuni, 1/8, uwa tana da sudusi, 1/6. Babu malamin da zai ce 2/14. Zai nemi asalin mas'ala, lambar da 8 da 6 duk suke shiga ba saura, wato 24. Sumuni ya zama 3/24, sudusi ya zama 4/24, jimla 7/24, sauran 17/24 na 'ya'ya. Asalin mas'alar nan shi ne abin da littafinka ke kira LCM. Dangantakar ma tsohuwa ce: Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabra a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ba da babban kaso na littafin ga mas'alolin gado da wasiyya, kuma duk da kalmomi ya rubuta lissafin, babu x babu alamomi.

To mu koma kan 2/x + 3/(x + 1). Ƙasa biyu, x da (x + 1), ba su da fakta ɗaya, don haka LCM shi ne ninkinsu, x(x + 1). Firakshan na farko ya rasa (x + 1) a ƙasa, sai a ninka samansa da ƙasansa da (x + 1). Na biyu ya rasa x, a ninka shi da x sama da ƙasa. Sama ya zama 2(x + 1) + 3x = 5x + 2. Amsa (5x + 2) bisa x(x + 1). Gwaji da x = 1: 2 + 1.5 = 3.5, amsa 7 bisa 2, daidai. Taka ta ba da 5 bisa 3, wanda bai kai ko firakshan na farko shi kaɗai ba.

Inda ya fi cin ɗalibai shi ne ɗebe firakshan, domin kuskurenka na farko da na huɗu a nan suke haɗuwa. Layin firakshan baka ne a ɓoye. Duba (x + 4)/3 − (x − 2)/4. LCM 12. Sama: 4(x + 4) − 3(x − 2). Ka rubuta shi haka da bakansa, kada ka buɗe da ka. Sai layi na gaba: 4x + 16 − 3x + 6. Da yawa −6 suke rubutawa a nan, su samu x + 10. Daidai shi ne (x + 22)/12. Sa x = 2: 6/3 − 0 = 2, kuma 24/12 = 2.

Idan ƙasa na da x², fara fasa shi kafin neman LCM, in ba haka ba za ka ninka abin da ba sai an ninka ba, aiki ya kumbura har ka ɓace a ciki. Misali 3/(x − 2) − 12/(x² − 4). Tun da x² − 4 = (x − 2)(x + 2), ƙasan farko yana cikin na biyu, LCM shi ne (x − 2)(x + 2) kawai. Sama: 3(x + 2) − 12 = 3x − 6 = 3(x − 2). A soke (x − 2), ya rage 3/(x + 2). Gwaji da x = 4: 1.5 − 1 = 0.5, kuma 3 bisa 6 rabi ne. Shawararmu, kada ka buɗe bakan ƙasa sai ka gama da sama, domin sau da yawa akwai abin sokewa a ƙarshe, in ka buɗe ba za ka gan shi ba.

Ninkawa da rabawa sun fi sauƙi, ba ruwansu da LCM. Ninkawa, sama da sama, ƙasa da ƙasa. Rabawa, ka kifa firakshan na biyu, na biyu kaɗai, ka mayar da alamar zuwa ninkawa. (x² − 1)/(2x) ÷ (x + 1)/(4x²) ya koma (x − 1)(x + 1)/(2x) × 4x²/(x + 1). A soke (x + 1), a raba 4x² da 2x a samu 2x, amsa 2x(x − 1). Da x = 3 duka ɓangarorin 12 suke bayarwa.

Abubuwa biyu kuma da ke fitowa a jarrabawa. Ba a raba lamba da sifili, don haka in aka tambaye ka wace ƙimar x ce ke sa firakshan ya rasa ma'ana, ƙasa za ka daidaita da sifili, sama ba ruwansa. A 3/(x − 2) − 12/(x² − 4), ƙimomin su ne 2 da −2, kuma daga tambayar asali ake ɗaukarsu, kafin sokewa. Na biyu, ka bambanta "sauƙaƙa" da "nemo x". In aka ce ka sauƙaƙa x/2 + x/3, amsa 5x/6, ba ka da ikon jefar da 6 ɗin. In kuwa aka ba ka x/2 + x/3 = 10, akwai alamar daidai, sai ka ninka ɓangarorin biyu da 6: 3x + 2x = 60, x = 12. Ƙasa yana ɓacewa ne kawai idan akwai ɗaya ɓangaren da zai ɗauki ninkin.

Tun da injiniyanci kake so, lissafi na cikin darussanka huɗu na JAMB, kuma a can za ka haɗu da raba folinomiyal da folinomiyal, wato jerin gaɓoɓi masu x da fawa daban-daban. Doguwar rabawa ce irin ta firamare. A raba x³ − 7x + 6 da x − 2. Fara rubuta shi da gurbin da babu: x³ + 0x² − 7x + 6, in ba haka ba layuka za su karkace. x cikin x³ ya ba da x². Ninka shi da x − 2, ɗebe x³ − 2x², ya rage 2x² − 7x. x cikin 2x² ya ba da 2x; ɗebe 2x² − 4x, ya rage −3x + 6. x cikin −3x ya ba da −3. Ɗebe −3x + 6, babu saura. Amsa x² + 2x − 3. Kowane mataki ɗebewa ce, don haka dokar juya alama tana nan tana jiranka sau uku. Amma wannan ka bar shi sai wata na uku.

Ga yadda muke ganin za ka yi da wata huɗun. Mako biyun farko kada ka taɓa x ko kaɗan. Ka yi firakshan na lambobi zalla da lambobi masu mainos, irin 3/4 − 5/6, da −7 − (−3), da bambancin −3² wanda yake −9 da (−3)² wanda yake 9, har sai hannunka ya saba. Za ka ji kamar ka koma firamare, ka daure, domin ayyukanka huɗu sun nuna a nan tushen ya tsage. Daga nan buɗe baka da fasa faktoci mako uku, firakshan mai x mako uku, saura tsofaffin tambayoyin WAEC da agogo a gabanka, kana haɗawa da sauran sassan manhaja. Minti 45 kullum ya fi awa biyar ranar hutu guda. Bayan sallar asuba kafin a buɗe shago ya fi dare, lokacin da jiki ya riga ya gaji. Tambaya goma da ka yi, ka gwada kowacce da lamba, sun fi hamsin da ka karanta amsoshinsu kana gyaɗa kai.

Ka ware ƙaramin littafi na kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, ka rubuta layin da kuskuren ya shiga da sunan kuskuren da Hausa: "ban juya alama ba", "na soke tari". Cikin mako biyu za ka ga uku ko huɗu ne suke ta dawowa.

A zauren jarrabawa kuma, takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi, kuma a nan gwaji da lamba zai cece ka ko da hanya ta ɓace maka: sa lamba a tambayar, sa ta a zaɓuɓɓukan, ka ɗauki wanda ya dace. A takarda ta biyu ana ba da maki kan hanyar aiki daban da na amsar ƙarshe, don haka ka rubuta kowane layi, mataki ɗaya a layi ɗaya. Daga D7 zuwa C6 mataki guda ne, kuma irin waɗannan makin ne ke cike shi.

Game da Yaya, kada ka ɗauki maganarsa a matsayin ƙiyayya. Mutumin da ya biya sau biyu yana da haƙƙin ya ga alamar cewa na uku zai bambanta. Kada ka je masa da alkawari, ka je masa da jadawalin nan, ka roƙi lokaci takamaimai, ko safiya ko awa ɗaya bayan la'asar, kuma duk ƙarshen wata ka nuna masa makin da ka ci a tsohuwar takarda da ka yi da agogo. Masu cewa ka kawo kuɗi a kai ka cibiyar da ake ba da amsa kuwa, ka kauce musu: hukumar tana riƙe sakamako ko ta soke shi in ta gano, kuma ko ka tsira, lissafin shekarar farko a injiniyanci a kan waɗannan dokokin yake zaune.

Fara da waɗannan uku yau. Ba za mu ba ka amsa ba, sai abin da za ka gwada da shi.

(4x² − x + 7) − (x² − 5x − 2): da x = 10, amsarka ta ba da 349.

(x² − 25)/(x² − 3x − 10): da x = 10, ta ba da 5 bisa 4.

2/(x − 3) − 1/(x + 3): da x = 5, ta ba da 7 bisa 8.

Wanda bai fito ba, ka turo mana aikin layi-layi kamar yadda ka yi wannan karon. Allah ya ba da sa'a, ya saka wa Yaya da alheri.